Yini guda da ɗan jagora a Grand-Popo

Duk wanda ya tashi a Yamai yana ganin ya san ruwa. Ni ma haka nake gani, don tun ina yaro nake wanka a kogin Isa ƙarƙashin gadar Kennedy. A hutun lakwal na watan Disamba na kwashi uwargida da yara biyu muka yi Binin, nan na gane ruwa ma suna ya tara.

Tafiyar kanta aiki ce. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanville a 2023, sai dai a sauka daga kar, a tsallaka a kwalekwale, a shiga wata a can ƙetare. Daga Yamai zuwa Kwatano ya fi kilomita 1,000, sannan a ƙara wasu 80 da ɗoriya yamma, wajen iyakar Togo, kafin Grand-Popo. A hanya mun ya da zango a Bohikon don ganin kogwannin Agongointo, waɗanda aka gano a 1998 ana aikin hanya. Kada a yi tsammanin kogon dutse: ɗakuna ne da mutanen masarautar Dahome suka haƙa da hannu cikin jar ƙasa don ɓuya. Ana sauka da tsani, akwai zafi, kuma uwargida ta leƙa sau ɗaya ta ce a kai kasuwa.

Ɗan jagoran da zan yi magana a kansa otel ɗinmu ne ya haɗa mu da shi. Muka yi ciniki a kan jikka 30 mu huɗu: jirgi mai inji, abincin rana, da kai mu Bouche du Roy, wato inda kogin Mono, da ya taso daga Togo, yake zuba cikin teku. Ya ce ƙarfe 7 na safe. Ya zo 8 da rabi, babu ko a yi haƙuri. Rigunan ceto uku ne a jirgin, mu shida har da shi da matuƙi. Sai da na ce ba mu shiga kafin aka aiki yaro ya aro sauran. Wannan bai yi mini ba ko kaɗan.

Amma da muka hau ruwa, gaskiya ya san aikinsa. Ya sa aka kashe inji muka kutsa wani lungu cikin itatuwan nan masu saiwa a waje, da ke tsaye cikin ruwan gishiri kamar masu tattare zane. Shiru, sai ƙaguwa suna gudu a kan laka. Ya kama ɗaya ya ɗora wa ƙaramar ɗiyata a tafin hannu. Ta ƙame, ta ce, "Baba, gizo-gizon ruwa ne?"

Inda na fi daɗewa shi ne wani tsibiri da mata ke dafa gishiri. Suna kankare ƙasar bakin ruwa, su zuba ta cikin manyan kwanduna, su kwarara ruwa a kai, ya tsatso ta ƙasa, sannan su dafa shi har ya ƙafe. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, don haka ake yin gishirin Foga a wajenmu, can jihar Doso. Na gaya wa wata dattijuwa, ɗan jagora yana fassarawa. Ta ce to me ya kawo ni? Na sayi ƙulli biyu, har yanzu da shi ake miya a gidana.

Shi bakin kogin kuwa ba ya faɗuwa a hoto. Wani siririn tudun rairayi ne, hannu ɗaya ruwan kogi a kwance kamar an shimfiɗa tabarma, ɗaya hannun teku yana ruri, igiyar ruwa ta fi tsawon mutum. Ɗana ya tuɓe riga zai ruga, ɗan jagora ya cafke shi. Ya ce ruwan nan yana ja ta ƙasa, ko masunta da dabara suke shiga. Na sa ƙafa iya idon sawu, na ji rairayi yana zarewa daga ƙarƙashina. A takardar tallar wannan yawon kuwa an sa hoton mutane suna iyo, wannan kam ruɗi ne. Yaran sun yi wasansu a ɓangaren kogi, inda ruwa bai wuce gwiwa ba.

Abincin rana gasasshen kifi ne da soyayyar ayaba, da ruwan kwakwa da aka sare a gabanmu. Ya yi daɗi, sai dai bai isa mutum huɗu ba. Wurin salla babu, mun shimfiɗa zane a rairayi.

Zan sake ɗaukar mutumin nan, amma sai na ƙirga rigunan ceto tun daren jajibirin tafiya, kuma rabin kuɗi kawai zan ba da kafin a tashi. Wanda zai je ya nace a fita da sassafe: mun dawo wajen ƙarfe 3, babu rumfa a jirgin, uwargida ta ce ranar garin Tawa ma ta fi tausayi.