Artemisia annua ko Artemisia afra: wanne zai yi a garkar Damagaram?

Malam, ka ce kana da ƴar garka wajen Mirya mai rijiya, an yi maka tayin iri biyu na tsiron da wasu ke kira tazargade, kana so ka san wanda ya fi dacewa. Dukansu dangin salati da shuwaka ne, amma nomansu ya sha bamban.

Annua asalinsa ƙasar Sin ne. Shekara guda yake yi ya mutu, ganyensa kore shar, yana iya kai mita 2. Da ƙwaya ake shuka shi, kuma a nan wahalar take: giram guda yana ɗauke da ƙwaya sama da 10,000. Ka gauraya ɗan tsunkule da yashi mai laushi, ka barbaɗa a kan tankaɗaɗɗiyar ƙasa mai damshi cikin kwano mai huda a gindi. Kada ka rufe da ƙasa, don sai ya ga haske yake tsirowa, cikin mako guda. Ban ruwa da arozuwar, wato butar ban ruwan garka, yana kwashe ƙwayar ya tara ta gefe ɗaya, shi ya sa gara ka huda murfin gora da allura ka riƙa yayyafawa. Ɗaga kwanon daga ƙasa saboda tururuwa. Ruwa in ya yi yawa, sai ka ga ƴan tsiron sun ruɓe daga wuya sun kwanta. Idan sun kai santimita 10 zuwa 15 ka dasa da yamma, tazarar kamar mita ɗaya, da ruɓaɓɓen taki.

Babbar matsalarsa a wajenmu ita ce fure da wuri. Annua yana fara fure idan tsawon yini ya gaza awa 13 da rabi, kuma a Zinder yini ba ya kai haka ko da damina. Iri na gama-gari zai yi fure tun yana iya gwiwa, ganyen da ake nema bai taru ba. Ƙishirwa ma tana gaggauta furen. Saboda haka tambayi mai irin ko wanda aka zaɓa domin ƙasashe masu zafi ne, kuma kada ka ajiye ƙwayar wanda ya riga sauran fure, halinsa zai bi ƴaƴansa. Yi reno a Oktoba, dasa a Disamba, yanke da zarar kan fure ya fara fitowa, kafin zafin Afrilu.

Afra kuwa ɗan tsaunukan gabashi da kudancin Afirka ne, daga Habasha har Afirka ta Kudu. Ganyensa toka-toka, yana shekaru ana yanka yana tohowa. Yaɗa shi ba wuya: lanƙwasa reshe, binne tsakiyarsa, bar kan a waje, bayan kamar wata guda ya yi saiwa ka raba shi da uwar. Sai dai ɗan wurin sanyi ne, bazararmu mai wuce digiri 40 tana ƙona shi. Yana son inuwar rana tsaka, ciyawa a gindi da ruwa kullum, sannan a lura da gara. Ƙasa mai riƙe ruwa tana kashe su duka biyu.

Tunda rijiyarka tana kai ka rani, a ganinmu fara da annua a fangali guda lokacin sanyi, ka ajiye afra biyu ko uku gefen inuwar mangwaro ka ga yadda za su ƙetare watan Mayu.

In kuma don zazzaɓin cizon sauro kake son su, ka ji wannan da kyau. Annua ne ke da sinadarin artemisinin da ake haɗa maganin zazzaɓin da shi, wanda masaniyar kimiyya ƴar ƙasar Sin Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. Afra kusan ba shi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a yi maganin zazzaɓin da shayin ganyen ba, saboda yawan sinadarin ba ya da tabbas, kuma kaɗan ɗin yana iya sa ƙwayar cutar ta saba da magani. Yaro in ya yi zazzaɓi a kai shi likita a yi gwaji.