Sharhi kan ClamAV a Matsayin Mai Tace Imel a kan Saba

Na daɗe ina amfani da ClamAV, manhajar gano ƙwayoyin cutar kwamfuta, wajen tace saƙonnin da ke shigowa sabar imel ta wani ƙaramin kamfani da nake kula da na'urorinsa, kuma a ganina manhaja ce da ta cancanci a girka, muddin ba a ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta ba. Tomasz Kojm, ɗan ƙasar Poland, shi ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin Sourcefire ya karɓe ta a 2007, sannan ta koma hannun Cisco a 2013 lokacin da ya sayi Sourcefire. Har yau kyauta ce, ba a biyan lasisi bisa yawan akwatunan imel, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda yake biyan kuɗin hayar saba da dala.

Tsarin da na bi shi ne wanda aka saba da shi. Postfix, manhajar da ke karɓa da aika imel a kan saba, yana karɓar saƙo ya miƙa wa amavisd-new, manhajar da ke haɗa shi da mai tacewa, ta tashar 10024, shi kuma amavisd-new ya warware duk fayil ɗin da aka maƙala ya ba clamd, wato ɓangaren ClamAV mai bincike, ya bincika, idan ba a ga komai ba sai saƙon ya koma ta 10025 zuwa akwatin mai shi. Da na aika fayil ɗin gwaji na EICAR, wani fayil marar lahani da ake gwada manhajojin kariya da shi, nan take aka tsare shi, kuma tun daga lokacin babu ma'aikacin da ya yi ƙorafin jinkirin isowar saƙo.

Inda ake buƙatar lura shi ne ƙwaƙwalwar RAM. Clamd yana ɗauke da dukan alamomin ƙwayoyin cutar da ya sani, miliyoyinsu, a cikin ƙwaƙwalwa, abin da yake cin fiye da gigabait 1, kuma duk lokacin da freshclam, ɓangaren ClamAV mai sabunta alamomin, ya sauko da sababbi, clamd yakan riƙe tsofaffin har sai sababbin sun gama hawa, don haka buƙatar takan kusan ninkuwa na ɗan lokaci. Mai ƙaramar saba zai iya kashe ConcurrentDatabaseReload, wato saitin clamd da ke sa shi riƙe tsofaffin alamomi yayin ɗora sababbi, amma a lokacin sabuntawa saƙonni za su ɗan jira a layi. Ni dai na gwammace na ƙara ƙwaƙwalwar.

Babban abin da ya kamata mai amfani ya sani shi ne ClamAV ta fi ƙarfi a kan cutar da aka riga aka gano aka rubuta mata alama. Sabuwar cuta, ko fayil ɗin zip da aka kulle da kalmar sirri aka rubuta kalmar a jikin saƙon, suna iya wucewa, domin manhajar ba ta iya leƙa abin da ke kulle. Saboda haka na ƙara mata alamomin Sanesecurity, wasu ƙarin alamomi daga wajen ClamAV, waɗanda suka fi kama saƙonnin damfara, sannan na umarci amavisd-new ya ƙi duk fayil mai ƙarewa da exe, scr ko js tun daga ƙofa. Wannan hanin kaɗai yana sauke mata aiki mai yawa, kuma duk da haka ban cire manhajar kariya daga kwamfutocin ma'aikata ba.