Wata huɗu a hannun likitan mafitsara a Sabon Gari

Na shafe kusan shekara biyu ina shan maganin ciwon sanyi daga wannan kemis zuwa wancan, kafin ƙanwar mijina ta kai ni wani asibitin kuɗi a Sabon Gari inda likitan mafitsara yake zama ranar Asabar. Ciwon a mara yake, yana tsananta idan mafitsara ta cika, ya lafa kaɗan bayan fitsari, har ta kai da kyar nake riƙe alwalar Magariba zuwa Isha.

Likitan bai rubuta mini magani a ranar farko ba, abin da ya ɓata mini rai a lokacin. Ya sa aka yi gwajin fitsari don neman ƙwayoyin cuta da ƙwan tsargiya, aka kuma ɗauki hoton mara. Da sakamakon ya fito babu komai, sai ya ce, "Hajiya, wannan ba sanyi ba ne." Ya bayyana cewa akwai ciwon mafitsara mai daɗewa wanda ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ya fi kama mata, kuma ana zarginsa idan alamun sun wuce mako 6 alhali gwaji bai nuna komai ba.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne takardar da ya ba ni, in rubuta duk abin da na ci ko na sha da kowane fitsari na tsawon kwana 3. A nan na ga cewa shayin dare da lemon kwalba da miyar da ta ji attaruhu su ne ke hana ni barci. Goro ma ya shiga lissafi, kuma rabuwa da shi ya fi yi mini wuya. Daga baya ya ɗora ni a kan ƙaramin awo na wani magani mai suna amitiriptilin da dare, bayan ya gargaɗe ni cewa yana busar da baki yana kuma sa gyangyaɗi. Bai taɓa yi mini alkawarin warkewa ba, amma tashin dare ya ragu daga sau biyar zuwa biyu.

Wurin yana da nasa aibin. Babu mai gashin jijiyoyin ƙugu da ake yi wa masu irin wannan ciwon, sai dai a tura mutum asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, kuma ana iya yin awa uku a layi. Ban-ɗaki ɗaya ne tak ga dukan masu jira, a asibitin da yawancin masu zuwa ba sa iya riƙe fitsari na awa guda, kuma sau biyu ina tarar da butar babu ruwa.