Murar Lil da murar Damagaram

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kowa lafiya, Inna da ƙarfin jiki, yara da sanyi. Na saurari saƙon muryarka na ranar Juma'a, kuma tun kafin ka faɗa na ji hancinka a toshe, sai ka ce daga cikin tulu kake magana. Ka ce hunturun bana ya shigo da ƙarfinsa, hazo ya rufe gari har daga Zango ba a hango duwatsun Birni, gidan kaf ana ta atishawa. Sannan ka ce in nemo maka maganin murar Turawa in aiko, wai na nan ya fi kaifi. To bari in ba ka labari, don ni ma makon jiya na tashi daga tawa.

A wurin aiki na kwaso ta. Garin nan na Lil yana can arewacin Faransa, dab da iyakar Beljiyam, kuma sanyinsa mai jiƙa ne, ba irin namu busasshe mai tsaga leɓe ba. Kwana biyu ina fama da majina da ciwon maƙogwaro, a na uku tari ya hana ni barci. A nan ba a tashi haka kawai a je wurin likita. Sai ka nemi lokaci ta wayar salula, ni sai bayan kwana uku na samu. Kuɗin ganinsa yuro 30 ne tun ƙarshen 2024, kusan jaka 20 ke nan a kuɗinmu, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Gaskiya ana maido wa mutum mafi yawansu idan yana da koren katin nan na inshorar lafiya, amma dai sai ka fara fiddawa daga aljihu.

Ya auna zafin jikina, ya leƙa maƙogwaro da kunnuwa, ya ɗora abin sauraro a ƙirji da baya. Ina zaune ina jiran takardar magani mai tsawo irin wadda muka saba, layi biyar ko shida. Sai ya ce mura ce, in je in huta, in sha ruwa da yawa, in wanke hanci da ruwan gishiri, in sha farasitamol idan kai ya dame ni, kuma da dare in lashi zuma saboda tari. Wallahi Yaya dariya ta kusa kuɓuce mini. Jaka 20, don a faɗa mini abin da Inna ke faɗa kyauta tana tsaye bakin murhu.

Na ce masa ba zai rubuta mini amoksisilin ba? Ya ajiye biro ya yi mini bayani a tsanake. Ƙwayoyin da ke kawo mura, waɗanda suke kira birus, sun fi iri 200, kuma amoksisilin da danginsa ba sa taɓa su ko kaɗan, don wani jinsin ƙwayar cuta daban aka yi su. Jiki ne da kansa yake korar mura, cikin kwana 7 zuwa 10, tarin kuma yana iya jan ƙafa har mako uku. Wanda ya sha kafso a kwana na biyar ya warke a na bakwai sai ya gode wa kafso, alhali ko bai sha ba lokacin tafiyarta ya yi. Ɓarnar kuwa tana gaba: yawan shan irin wannan magani ba dalili yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da ciwon huhu na gaske ya zo a ba da shi ya ƙi aiki. Su ma Faransawan ba daga sama suka iya ba. Suna cikin waɗanda suka fi kowa shan wannan magani a Turai, har sai da hukuma ta fara yi musu gangami a talabijin a 2002 cewa ba kowane ciwo ne ke buƙatarsa ba.

Nan ne na ga bambanci na gaske tsakaninmu da su. A nan ko kana kuka da hawaye mai farmasi ba zai ba ka amoksisilin ba sai da takardar likita. A gida yaro ne ke yawo da shi a faranti cikin rana tsaka a bakin kasuwar Dole, ya ɓalle maka ƙwaya biyu, ba ka san ranar lalacewarsa ba, ba ka san ta wace iyaka ya shigo ba. Hatta farasitamol, wanda suka fi sani da sunan Doliprane, tun 2020 aka mayar da shi bayan kanta. Ana sayar da shi ba takarda, kwalin ƙwaya 8 wajen yuro 2, amma sai ka tambaya, kuma mai farmasi zai tuna maka kada ka wuce giram 3 a yini, ka bar tazarar awa 6, domin yawansa yana lalata hanta. Su kuma magungunan murar nan masu buɗe hanci da kake jin labari, irin su Actifed da Humex, tun Disamba 2024 aka hana sayar da su sai da takardar likita, saboda sinadarin da ke cikinsu yana matse jijiyoyin jini, ya taɓa jawo wa wasu bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kai da ke fama da hawan jini, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ka ga ke nan abin da ka ce in aiko, masu shi ma sun kulle shi.

Da na fito sai na nufi kasuwar Wazemmes, inda Larabawa da ƴan Afirka ke da shaguna. Citta tana nan jibgi, manya manya masu sheƙi, amma ka guntsa ka ji rabin ta ruwa ne, ba ta kama ƙafar busasshiyar cittarmu mai ƙona harshe ba. Lemun tsami da kanumfari ba wuya. Kimba kuwa sai da na shiga shago uku, na same ta a ƴar leda a hannun wani ɗan Senegal, kuɗin da ya faɗa zai cika maka kwano a gida. Zuma rabin kilo na biya yuro 8. Na dawo ɗaki na dafa irin haɗin Inna, na sha da zafinsa, na lulluɓa. Wani abokin aikina Bafaranshe ya ce in gwada nasu na gargajiya, ruwan zafi da zuma da lemo da ɗan giya. Na ce masa ai namu ne sak, illa mu mun bar Shaiɗan a waje. Kuma ka san su ma tsofaffinsu sun yarda sanyi ne ke kawo mura, kamar yadda Inna ke hana mu wanka da asuba lokacin hunturu. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, daga atishawar wani ko hannunsa. Sanyi dai yana tara mutane ɗaki ɗaya a rufe ƙofa, mu kuma ga ƙura tana busar da hanci.

To haɗin yana aiki? Bai kashe mura ba, ba na yi maka ƙarya. Amma ruwan ɗumi yana sassauta majina, yana kwantar da raɗaɗin maƙogwaro, yana maido da ruwan da zazzaɓi ya ƙone. Farfesun kaza da kunun tsamiya mai zafi ma aikinsu ke nan. A cikin kayan duka zuma ce likitoci suka fi tsaya mata, domin an gwada ta a kan yara masu tarin dare an ga tana rage shi. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ka faɗa wa matarka da babbar murya: jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma, ko da lasa ce, saboda tana iya ɗauke da wata ƙwaya da hanjinsa bai iya yaƙarta ba tukuna, ta sa jikinsa ya saki har numfashi ya gagara. Na san al'ada ce a wasu gidaje a lasa wa jinjiri, amma a bari ya yi shekara. Lemo kuma, da ƙwayoyin bitamin C masu tafasa a ruwa da suke sayarwa da tsada a nan, ba sa hana kamuwa. Iyakarsu su ɗan rage kwanakin ga wanda ya daɗe yana sha.

Abin da na koya a nan da nake so ya shiga gidanmu shi ne wanke hanci. Kowace uwa a nan tana da ƴan robobin ruwan gishiri, tana ɗiga wa jariri kafin ta ba shi nono, don yaron da hancinsa ya toshe ba ya iya tsotsa. Ana samun su a farmasin Damagaram, kuma babba yana iya haɗa nasa: ruwa lita ɗaya a tafasa shi ya huce, a zuba gishiri giram 9. Mu da ke alwala sau biyar muna shaƙa ruwa muna facewa, ba baƙon abu ba ne gare mu. Sirace da ganyen turare yana sa mutum ya ji hanci ya buɗe na ɗan lokaci, babba ya yi abinsa, amma kar a zaunar da yaro gaban tukunya mai tafasa a rufe shi da zane. Ka tuna tabon da ke cinyar ɗan maƙwabtanmu. Man Robb ma a ƙirjin babba yake da wuri, ba a hancin jinjiri ba.

Sai dai akwai inda ba zan ce ku kwaikwayi mutanen nan ba. Su idan zazzaɓi ya zo suna iya kwantawa kwana biyu su ga abin da hali zai yi, don ba su da zazzaɓin cizon sauro. Ni kaina tambayar farko da likitan ya yi mini da ya ji daga Nijar nake ita ce yaushe rabona da gida. Ku can masassara ba ta da wannan rangwamen. Yaro ya yi zafi, a kai shi likita a tsaga yatsa a gwada, minti 15 an ga sakamako. Idan wuya ya sanƙare ga ciwon kai mai tsanani, musamman daga yanzu zuwa bazara, kai ma ka san sanƙarau ba baƙo ba ne a jiharmu, ba a kwana da shi a gida. Ga mai tari kuma, ka buɗe masa riga ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance lafiya lau. Ɗan wata 2 zuwa shekara ɗaya idan ya kai 50, ko ɗan shekara ɗaya zuwa 5 idan ya kai 40, ko ka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, to ta sauka huhu, kuma a nan ne amoksisilin yake da aiki, daga hannun likita, a sha shi har ya ƙare.

Inna ce ta fi tsaya mini a rai. A nan duk wanda ya kai shekara 65 ana aiko masa takarda kowane Oktoba ya je a yi masa allurar rigakafin babbar mura kyauta, wadda suke kira girif, mai kayar da mutum lokaci ɗaya da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, don tsofaffi take kashewa. Ku dai ku lura da ita, jikoki masu majina su rage hawa mata gado kwanakin nan, ko da za ta yi faɗa.

Kuɗin da na turo ka sayi zuma mai kyau daga ciki, ba wadda aka dafa da sukari ba. Akwai wani ɗan unguwarmu da zai dawo nan ƙarshen wata, zan ba ka lambarsa. Ka ba shi busasshiyar citta da kimba da masoro, Inna ta daka mini yaji kwalba ɗaya. Kilishi kam kar ka wahalar da kanka, ƴan duwan na filin jirgi ba sa barin nama ya shigo, na bara a kwandon shara ya ƙare ina kallo.