Wasan dabara ko na shiga rigar jarumi?

A majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura gardamar nan kan wane irin wasan kwamfuta ya fi daɗi ba ta ƙarewa. Ni dai ɗan wasan dabara ne, irin su Age of Empires II na 1999: ka tura talakawanka su saro itace, su haƙo zinariya, ka ja ganuwa kafin abokin gaba ya iso. Kamar dara ce, mai lissafi ke ci. Ka yi sake da gona na ɗan lokaci, sai ka rasa abincin horar da mahaya, ga maƙiyi a bakin ƙofa.

Ƙanena kuwa ya fi son wanda za ka zama mutum ɗaya cikin labari, kamar The Witcher 3 na 2015, aikin wani kamfani a Poland. Kai ne Geralt, jarumin labarin, amsar da ka zaɓa tana canja ƙarshen labarin. Daɗi kam akwai, tatsuniya ce da kai ke juya akalarta. Sai dai yana lashe kwanaki, ga buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Ranar da aka ɗauke wuta bai adana wasansa ba, har magariba yana cika yana batsewa.

Nawa kuwa tsohuwar kwamfutata ma na ɗaukarsa, tsakanin azahar da la'asar an gama yaƙi.