Laushi ko riƙon hanya: wanne za a bi wajen gyaran ƙafar tsohuwar mota?

Ɗan'uwa, ka ce Mercedes W123 ɗinka tana kwantawa a kwana, kana tambaya ko ka sa gajeren sifirin mai tauri da bushin poliyuretan (bushi shi ne robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa, poliyuretan kuma wani abu ne kamar roba amma ya fi ta tauri), ko ka bar ta a kan roba irin ta kamfani. Ga yadda nake ganin hanyoyin biyu.

Mai taurin tana da daɗinta. Mota za ta daina lilo, sitiyari ya riƙa amsawa da zarar ka taɓa shi. Amma an ƙera W123 ne tsakanin 1976 da 1986 don ta shanye gargada, da doguwar tafiyar sifirin da taya mai kauri a kan wili inci 14. In ka sauke ta ƙasa, ka rage wa ƙafa filin motsi, kowane rami sai ta buga robar da ke tare ƙafa a ƙarshen motsinta ka ji shi har ƙashin baya. Ƙafafun bayanta kuma in an sauke su, tayoyin sukan karkata ciki daga sama, gefensu na ciki ya cinye da wuri. Poliyuretan ba ya murɗawa yadda roba ke yi, zamewa yake a kan ƙarfe, shi ya sa in giris ya bushe sai ya fara ƙara, ga kuma karkarwar hanya da yake aikowa cikin mota.

Ɗaya hanyar ita ce zaɓina. Motar da ta kai shekara 40, yawanci tsufa ne ke sa ta lilo. Ka shiga ƙarƙashinta da fitila, ka danna bushi da ƙarfe: in ka ga roba ta tsattsage kamar busasshiyar fata, ga mai na tsiyaya a jikin shokazoba, to ka ga ciwon. Sabuwar roba da shokazoba mai gas, irin su Bilstein, sai saitin ƙafa, za su dawo maka da mafi yawan abin da kake nema, laushin na nan.

In har tana kwantawa bayan haka, a sa poliyuretan a sandar da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu kaɗai, domin ita aikinta a kwana ya fi yawa. In kuma kana tunanin sa babban wili, irin inci 17, don Allah ka haƙura da shi. Kuma ka riƙa canza abu ɗaya, ka tuka ta mako guda kafin ka taɓa na gaba.