Falat a cikin gari ko gida mai katanga a bayan gari: amsa ga mai komawa Abuja

Malam, Allah ya sanya alheri a wannan canjin aiki. Ka ce an mayar da kai Abuja daga Kano, ofis yana Sakatariyar Tarayya, kana da iyali da yara huɗu, Hajiya mahaifiyarka kuma takan zo ta yi wata biyu ko uku. Kuɗin hannunka zai kama falat mai ɗaki uku a Gwarinpa ko Life Camp, ko gida sukutum mai katanga a Lugbe, can cikin Kubwa ko Kuje. Wanne za ka kama, kuma in hali ya yi nan gaba wanne za ka saya?

Shawararmu: shekarar farko ka kama falat kusa da aiki. In an zo saye, ka nemi gida mai fili. Ga yadda lissafin yake.

Fara da kuɗin shiga, domin abin da dillali ya faɗa maka a waya ba shi ne abin da za ka biya ba. A ce haya naira miliyan 3 ce a shekara. La'adar dillali a Abuja yawanci kashi 10 ce, wato 300,000. Kuɗin lauya kashi 5 zuwa 10. Sai kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ake cewa za a maido ranar tashi, amma sai mai naci ke ganinsa. Zuwa nan falat da gida duk ɗaya ne. Inda suka rabu shi ne kuɗin hidima, wanda 'yan Abuja ke kira sabis caj. Mai falat zai biya shi duk shekara don maigadi, kwashe shara, tura ruwa tanki, hasken harabar gida, wani wurin har da man janareta na gama-gari. Mai zaune a gida shi kaɗai ba a cajinsa wannan, sai in gidan yana cikin estet, amma duk abin da aka lissafa shi zai ɗauka daga aljihunsa, wata bayan wata. Kafin ka biya, ka ce a rubuta maka abin da kuɗin hidimar ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya. In ba a rubuta dizal a ciki ba, to za a riƙa bin ka kuɗinsa daban.

Sai hanya, wadda ita ce ke cinye rarar da mutum yake zaton ya samu a bayan gari. Daga Kubwa zuwa tsakiyar birni kimanin kilomita 25 ne, Kuje ta doshi 40. Ɗauki na Kubwa: zuwa da dawowa kilomita 50, motar da ke cin lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha lita 5 a rana, a kwanakin aiki 22 lita 110 ke nan a wata. Ninka da farashin mai na yau, sannan ka ninka da 12, ka ɗora a kan kuɗin hayar. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 wannan lissafin ya daina zama ƙarami. Ba a ma sa kai yara makaranta ba, ba a sa taya da birki ba. Titin filin jirgi da na Kubwa manya ne masu faɗi, matsalar tana wurin fita daga unguwa zuwa bakin titi da safe. Mararaba da Nyanya kuwa, haya da sauƙi, amma gosulon hanyarsu ta shiga gari, wadda ke bi ta mahaɗar AYA, sai wanda ya shirya fita bayan asuba. Kada ka je duba gida ranar Asabar da rana ka yanke hukunci. Je ranar Litinin, ka taso daga ƙofar gidan ƙarfe bakwai na safe, ka duba agogo.

Ruwa da sokawe

A nan ne aka fi yin nadama, don haka za mu ɗan daɗe. Tsofaffin unguwanni irin su Garki, Wuse, Maitama da Asokoro suna shan ruwan famfo daga madatsar Usuma, ƙazantarsu kuma tana bin babban bututu zuwa matatar Wupa. Mafi yawan sababbin unguwanni, irin su Lugbe da Lokogoma, rijiyar burtsatse ce da sokawe. Ƙasar Abuja dutse ce, ba kowace rijiya ke ba da ruwa sosai ba, daga Fabrairu zuwa Afrilu kuma wasu kan ja baya.

A falat, rijiya ɗaya da tankuna biyu ko uku ne ke ciyar da gida shida ko takwas. Alherin shi ne in famfon tura ruwa ya ƙone, raba kuɗin za a yi. Sharrin kuma, sai kowa ya biya kafin a gyara, kuma a kowane bene akwai mutum ɗaya da ba ya ɗaga waya. Ka tambayi litar tankunan ka raba da yawan gidaje. Iyali mai mutum bakwai, da wanka da wanki da girki da alwala, za su sha lita 500 a rana ba tare da almubazzaranci ba. In rabonka bai kai haka ba, kuma sau ɗaya ake turawa a rana, da la'asar za ka fara neman 'yan garuwa, su kuma hawa bene kuɗinsa daban. Akwai kuma batun ƙarfin ruwa. Ƙarfinsa yana zuwa ne daga tazarar da ke tsakanin tanki da bakin famfo, shi ya sa hawa na ƙarshe, wanda ke dab da tanki, shawarsa ke ɗiga kamar hawaye, hita ma ba ta aiki yadda ya kamata. Buɗe shawa da famfon kicin lokaci guda ka gani da idonka.

Hawa na ƙasa shi ma da nasa. Bututun ƙazanta na duk benen ta wurinsa yake sauka. In wani a sama ya jefa ƙunzugun yara ko audugar mata ya toshe, ko sokawe ta cika, a banɗakin na ƙasa abin zai fara dawowa. Duba gindin bango: fenti mai kumbura ko farin gishiri alamar danshi ne, sabon fenti a ƙasan bango kaɗai kuma alamar an rufe danshin ne.

A gida kai kaɗai, tanki mai lita 2,000 zai kai ku kwana uku ko huɗu, ba mai zuƙe maka. Sokawe ma ba ta saurin cika. Sai dai ranar da famfon cikin rijiya ya mutu, ciro shi da sayen sabo naka ne, sai in an rubuta a yarjejeniya cewa na mai gida ne. Ka auna tazarar rijiya da sokawe, taka da ta maƙwabci. A ƙananan filaye akan matse su wuri ɗaya, alhali ana so a bar aƙalla mita 15, in da hali 30. Inda aka matse, ruwan na iya gurɓata, sai a yi ta jinyar taifod ba a san daga ina ba. Sannan ambaliya: wasu sassan Lokogoma da Lugbe an yi gini a bakin rafi, ruwa kan shiga gidaje a Agusta da Satumba. Mai hawa na biyu motarsa kawai zai yi wa kuka, mai gidan ƙasa kuwa har katifa. Nemi layin da ruwa ya bari a jikin katanga ta waje, ka kuma tambayi mai shagon bakin layi, domin shi ba ya cin la'ada.

Wuta

Tambaya ta farko a duka biyun: mitar kati ce, kuma taka ce kai kaɗai? Mitar haɗaka a bene rigima ce da ba ta ƙarewa. Karɓi lambar mitar ka bincika wurin AEDC, kamfanin raba wutar lantarki na Abuja, ko akwai tsohon bashi a kanta, don in akwai, daga katinka za a riƙa yanka. Ka kuma san rukunin layin wutar, domin kuɗin yunit ya danganta da shi. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit bisa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga baya aka ɗan rage. Iyakwandishan mai doki ɗaya da rabi tana cin fiye da yunit ɗaya a awa. Hawa na ƙarshe, da ke ƙarƙashin kwano, shi ya fi buƙatarta a Maris da Afrilu.

Wajen abin da za a jingina da shi in an ɗauke, gida ya yi wa falat nisa. Rufin naka ne kai kaɗai, faranti shida na sola suna son wurin da bai wuce murabba'in mita 16 ba, ka ɗora abinka da izinin mai gida. A bene rufi na kowa ne, sau da yawa wanda ya riga ka ya cinye gefen da rana ke bugawa, ko a hana gaba ɗaya don tsoron yoyo. Inbata da batir kawai za ka iya ajewa a ciki. Janareta kuma a bene kowa da nasa a jere a bayan tagar na ƙasa. Kada a taɓa kunna shi a baranda, a lungun matakala ko a kicin. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

Zaman iyali

Wanda ya taso a gida mai soro da tsakar gida zai ji falat ta matse shi, gaskiya ce wannan. Baƙo namiji ba inda za a sauke shi sai falo, kuma a yawancin falat ta falon ake bi a shiga kicin da ɗakuna, ke nan maiɗakinka ta zama 'yar kulle a ɗaki har ya tafi. In ka samu wadda kicin ɗinta ke da ƙofar baya, ko falo biyu, ta fi wadda ta fi ta girma ba ta da su. Ba a daka a bene: turmi na fasa tayil, na ƙasa kuma zai hawo da magana. Shanya sai a baranda. Ragon layya, taron suna, girkin itace, duk sai an nemi izini ko an kai wani wuri. Yara huɗu in suka dawo daga Islamiyya suna guje-guje, kan wani suke yi.

Hajiya ita ce za ta zaɓar maka hawa. Benaye masu hawa biyu ko uku ba su da lifta, mai ciwon gwiwa kuma in ta hau sau ɗaya ba za ta so saukowa ba sai ranar tafiya. Tukunyar gas mai kilo 12.5 da buhun shinkafa ma ta matakalar nan za su bi. Hawa na ɗaya, wato na tsakiya, shi ne mafi daidaito: ba zafin kwano, ba dawowar ƙazanta, matakala kaɗan. In ba za ta iya ko wannan ba, ɗauki na ƙasa bayan ka tabbatar da lafiyar sokawe.

Abin da falat ta fi gida a nan shi ne tsaro. Kai sabo ne a gari, za ka riƙa zuwa Kano ƙarshen mako, wani lokacin ka bar iyali. Get ɗaya, maigadi, maƙwabta a sama da ƙasa, ya fi gida shi kaɗai a ƙarshen layin da rabin gidajensa kango ne. Wannan da hanya su ne suka sa muka ce falat a shekarar farko. Kafin ta ƙare ka san gari, ka ga damina ɗaya, ka san unguwar da ke cika da ruwa.

A yarjejeniya ka lura da abu ɗaya. Mai hayar shekara-shekara a Abuja doka ta ba shi notis na wata shida, sannan na kwana bakwai kafin a je kotu. Amma in an rubuta wa'adi tsayayye na shekara ɗaya, ko aka rubuta notis mafi gajarta ka sa hannu, abin da aka rubuta shi zai yi aiki.

In an zo saye

Mai sayen gida ya sayi ƙasa da gini, gini na tsufa, ƙasa na ƙara daraja, gobe zai iya ƙara ɗaki ko ya gina boskwata ya sa haya. Mai sayen falat ya sayi ɗakuna ne da rabo a cikin rufi, matakala da rijiyar da ba shi kaɗai ke da iko da su ba. Dubi benayen gwamnati na Garki da Wuse da aka fara sayar wa ma'aikata a 2005: ciki kowa ya gyara nasa tsaf, waje kuwa wasu fenti ya kwashe shekaru bai gan su ba, don na ƙasa yana ganin yoyon rufi matsalar na sama ce. In dole falat za ka saya, ka ga takardar uwar filin da sunan wa take, wace takarda za a ba ka a kan naka kason, da kuma rubutacciyar ƙa'idar wanda zai gyara rufi.

Gida kuma hatsarinsa a takarda yake. A babban birnin tarayya minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili. Takardar hakimi ko ta ƙaramar hukuma ba ta hana rusau, kuma da yawa daga gidajen bayan gari masu araha a kan irinsu suke. Sa lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ya yi bincike a AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja: sunan mai fili, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa, wanda ake biyan gwamnati duk shekara. Kada ka raina wannan na ƙarshe, a 2025 an soke takardun filaye fiye da 4,000 saboda shi. Ka nemi kuma amincewar zanen gini. Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, Suleja da Madalla jihar Neja, binciken takardunsu a can ake yi. Tunda ma'aikaci ne kai, duba ko ana cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa. In ana cirewa, kana da damar neman rancen Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan kashi 6, har zuwa shekara 30 gwargwadon abin da ya rage maka kafin ritaya, su ma sai gidan yana da takarda mai kyau za su karɓe shi jingina.